Katin Mai Jinya a Aljihun Yaya Babba

Ka san kilo nawa mahaifinka yake? Na tambayi mutum goma sha huɗu a ofishinmu, ko ɗaya bai sani ba. Auta ta sani. Kilo sittin da takwas, kuma tun kafin a ɗora shi kan sikeli ƙugunta ya riga ya gaya mata.

Auta tela ce. Shekararta hamsin da ɗaya, amma da yake ita ce ƙarama a cikin su uku, sunan ya bi ta har furfura. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tana aure a nesa. A da tana da shago a bakin titi, keke uku, mata na layi da yadi a hammata. Shekara shida da suka wuce ɓarin jikin mahaifinsu na hagu ya shanye. Baba tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekara talatin da huɗu a kan hanya, yanzu daga gado zuwa kujera sai an kai shi.

An yanke shawarar wanda zai riƙe shi a barandar asibiti, a tsaye. Auta ta ce maganar ba ta kai minti huɗu ba. Yayarta mace tana wata ƙasa. Yaya Babba, ɗan fari, babban ma'aikaci ne mai ofis da sakatariya. Shi ya ce, "Ai Auta ce ba ta zuwa aiki." Shago mai keke uku bai shiga lissafin aiki ba. Ta rufe shi, ta sayar da keke biyu, ta hau da ɗaya gidan Baba, ɗaki biyu a bene, matakala ashirin da biyu. Ta ajiye keken a lungun da ke tsakanin ɗakinsa da banɗaki, inda za ta ji idan ya yi tari.

Ni aiki ya haɗa mu. Akwai wata Farfesa a jami'a da ta shafe shekara ashirin tana bincike a kan tsofaffi da masu jinyarsu a gida. Tambayarta ba ta da sarƙaƙiya: wa ke yin aikin, awa nawa yake ci, kuma me yake yi wa jikin mai yin sa? Ta ɗauke mu mu tara don mu shiga gidaje ɗari uku da goma sha biyu. Talatin da takwas suka faɗo hannuna. Farfesa ta lura cewa idan ka tambayi mai jinya sau nawa ta tashi jiya, sai ta ce "ba yawa", don haka ta daina tambaya. Kowace mai jinya za a ba ta gwangwani da ƙananan duwatsu, duk lokacin da ta yi wa majiyyaci wani abu ta jefa ɗaya a ciki. Mu kuma mu zo mu ƙirga.

Auta ta kalli duwatsun ta ce, "Ni da nake share ɗakin nan sau uku, ki kawo mini tsakuwa?" Ta jawo kwalbar maɓallanta. Fari na ɗagawa, baƙi na banɗaki, ja na magani da abinci, kore kuma na abin da ta kira kiran banza.

"Wane ne yake kiran banza?" in ji Baba daga ɗaki. Bakinsa ya ɗan karkace, amma kunnensa garau. "Karen mota! Zo ki juya motar nan, tayar hagu ta ɗauki zafi."

"Ga ni nan, Direba. Ka ja birki."

Haka suke. Shi Direba, ita karen mota. Ta shiga, ta sa gwiwa a bakin gado, ta zura hannu ƙarƙashin kafaɗarsa, ta ja numfashi ta juya shi. Ta fito ta jefa fari ɗaya. Kafin ta zauna ya sake kira, wai ƙarfe nawa. Agogo na rataye a gabansa. Ta jefa kore.

Ranar farko maɓalli arba'in da bakwai na ƙirga. A kwana bakwai, in aka raba daidai, arba'in da uku kullum. Farare goma sha ɗaya ne a ciki. Na buga a wayata nan take: sau goma sha ɗaya na kilo sittin da takwas, kilo ɗari bakwai da arba'in da takwas ke nan a yini. Ɗan dako a kasuwa in ya ɗauki haka, da yamma zai je ya miƙe ƙafa. Wannan kuwa ita ce matar da aka ce ba ta zuwa aiki.

Da aka haɗa gwangwanayen duka, abin da ya fito ya girgiza mutane. A unguwannin masu hali, inda ake da 'yan aiki da mota a ƙofa, biyu cikin goma na masu jinya ne suka yi shekara uku ba su ga likita don kansu ba. A unguwanni irin ta su Auta, bakwai cikin goma. Kullum suna asibiti, amma da katin wani a hannu. Rahoton ya fita da hoton gwangwanin Auta a bangonsa. An fassara shi zuwa harsuna huɗu. Wasu masu bincike sun ambace shi fiye da sau ɗari tara, ina dubawa duk wata. Bayan shekara uku ofishin lafiya ya fito da katin mai jinya, da alfanu uku: mai katin ba ya bin layi, ana duba lafiyarsa sau biyu a shekara, kuma idan shi kansa ya kwanta, za a turo nas gida har kwana goma sha huɗu.

Ranar da na ji, matakalar nan ashirin da biyu bibbiyu na haye ta.

Na tarar da Auta zaune a gaban keke, hannunta dafe da ƙasan cibiyarta. Ashe wata biyar ke nan wani kumburi ya fito mata a wurin. In ta kwanta ya koma, in ta ɗaga Baba ya fito. Ta saci awa ɗaya ta ga likita, ya ce ƙaba ce, naman cikin ya buɗe saboda ɗaukar nauyi, hanji yana leƙowa. Sai tiyata. Ya ba ta rana, saura sati biyar, ya ce bayan aikin ko bokiti kada ta taɓa, kuma idan ta ci gaba da jinkiri wata rana hanjin zai maƙale a kai ta a guje.

"To wa zai ɗaga Direba?" ta ce da ni.

"Nas!" na ce. "Kwana goma sha huɗu. Maɓallanki ne suka kawo ta." 'Yarta ta riga ta ce za ta iya zuwa daga baya ta karɓa. Lissafi ya fita tsaf.

Muka roƙi maƙwabciya ta zauna da Baba, muka tafi ofishin. Mutum sittin da uku ne a gabanmu. Awa biyu da minti goma muka yi a tsaye, Auta na sauya ƙafa. Da muka isa taga, akawun ya buga lambar fayil, ya duba, ya turo mana takardarmu.

"An riga an ba da katin gidan nan."

"An ba wa?" in ji Auta.

Ya karanto sunan Yaya Babba.

"Malam, wannan yayana ne. Ni ce nake jinyar."

"Hajiya, ni abin da ke cikin fayil nake gani. Ga shi nan, wanda ke da alhakin majiyyaci. Ga sa hannunsa."

Sai Auta ta tuna. Ranar da aka kwantar da Baba, an kawo fom. Tana cikin ɗaki tana canza zanin gadon da ya ɓata. Yaya Babba yana waje da biro a aljihun gaba, kuma shi ne babba, wa zai sa hannu in ba shi ba? Da ofishin lafiya ya tashi raba kati, babu wanda ya taka matakalar kowa. Sun buɗe tsofaffin fayiloli, sun kwafe sunan da ke kan wannan layin, sun aika saƙo a waya.

Na ce, "Malam, ka ga littafin can da ke kan kantarku? Gwangwanin da ke bangonsa nata ne."

Ya waiwaya ya kalli littafin, an ɗora masa kofin shayi. "Allah Sarki. To ku zo da mai katin, su sa hannu su biyu, a canza. Na gaba!"

A satin nan na bi gidajena talatin da takwas ɗaya bayan ɗaya. A gida ashirin da tara, katin yana hannun wanda bai taɓa wanke fo ba: ɗan fari, miji, kawu, har da wani da ya bar garin shekara biyu. Ina fita daga kowane gida raina yana ƙara ɓaci.

Yaya Babba yana zuwa gaida Baba Asabar ɗaya a cikin biyu, da ƙarfe goma, da ledar lemo. Yana zama a kujerar da ke nesa da gado, ya yi minti arba'in. Ranar zuwansa na je takanas. Auta ta kawo masa ruwa, ta durƙusa daga gefe, ta yi masa bayani a hankali.

"E, an turo mini wani kati," ya ce. "Yana da amfani kuwa. Sau biyu aka duba mini hawan jini, ko zama ban yi ba."

"Yaya, nawa ne. Sa hannu kawai za ka yi a mayar da sunana."

Ya ajiye kofin. "Wato in je ofishin hukuma, a gaban mutane, in rubuta cewa ni ba na kula da ubana?"

"Ba haka takardar ta ce ba."

"Haka za a karanta ta. Ni ne babba a gidan nan. Duk abin da ya taso wa ake kira? Ranar da ya faɗi wa ya kawo mota?"

"Kai ne, Yaya. Sau ɗaya ya faɗi."

Baba ya yi wata dariya da rabin baki har ta koma tari. Yaya Babba ya haɗe rai, ya juyo kaina. "Ke kuma 'yar ƙididdiga, ke kike zuga ta ko?" Sannan ya sassauto. Ba mugu ba ne, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi. Ya ce shi da kansa zai je ya nemo nas ɗin da katin, kowa ya huta, ba sai an taɓa suna ba.

Ya je kuwa. Akawun ya ce ana turo nas ne idan mai katin ba shi da lafiya, shi kuma ga sakamakonsa nan sau biyu, lafiyarsa ƙalau. Ya dawo ya ce wa Auta ta ƙara haƙuri, yana da wani aboki a sama da zai yi wa magana. Abokin yana hutu. Ranar tiyata ta zo ta wuce, Auta tana gida ta jefa fararenta goma sha ɗaya. Sabuwar ranar da aka ba ta sai bayan wata huɗu.

Na ɗauki lissafina na kai wa Farfesa. Ofishinta cike da kwalaye, tana shirin tafiya taro a kan wannan binciken. Na ajiye mata takarda: ashirin da tara cikin talatin da takwas. Ta cire tabarau, ta daɗe tana kallon lambar.

"Mun ƙirga ɗagawa, mun ƙirga wanka, mun ƙirga barcin da suka rasa," ta ce. "Ba mu tambayi wa ke riƙe biro a taga ba. Shafi ɗari biyu, ban rubuta layi ɗaya a kan yadda za a gane mai jinyar ba. Wannan laifina ne."

Ta zauna nan take ta rubuta wa ofishin lafiya. Shawararta gajeriya ce: kafin a ba da kati, a tambayi majiyyacin, ko a tambayi gidan, wa ya yi masa wanka yau da safe. Wasiƙa uku ta aika a wata biyu. Amsa ɗaya ta dawo, cewa an miƙa wa kwamiti. Ina girmama matar nan, da ba don ita ba ko katin ma babu. Amma na fito ofishinta ina huci. An ambaci aikinta sau ɗari tara, an tafa mata a ƙasashe, duk wannan bai isa ya goge suna ɗaya daga fayil ɗaya ba.

Kumburin kuwa ya daina komawa ko ta kwanta. Ta fara ɗaure cikinta da ragowar yadi kafin ta ɗaga Baba. Sau biyu na ga ta tsaya a tsakiyar ɗagawa, idonta a rufe, shi kuma yana rataye a wuyanta yana cewa, "Sauke ni, sauke ni, 'yar nan."

An ce ta kwanta asibiti ranar Asabar, a yi aikin Litinin. Asabar ɗin ta dace da zuwan Yaya Babba. Ranar Alhamis ta kira ni ta ce in zo da wuri in riƙe mata jaka, kada in ce wa kowa komai.

Ta yi wa Baba wanka, ta aske masa gemu, ta jera magunguna a kan tebur da takarda a ƙarƙashin kowanne. Ta rubuta shafi biyu: yadda ake sa gwiwa, ta wane ɓari ake kamawa, awa nawa tsakanin juyi da juyi. Ƙarfe goma Yaya Babba ya shigo da lemonsa, ya zauna a kujerarsa. Ta bari ya gama gaisuwa. Sannan ta fito da mayafinta a kafaɗa, ta miƙa masa shafukan da hannu biyu.

"Mene ne wannan?"

"Yaya, hukuma ta ce kai ne mai jinya, kai ma ka ce kai ne. Na yarda. Ga majiyyacinka. Ƙarfe goma sha ɗaya ake juya shi."

"Ke, ba na son wasa. Ina da taro ƙarfe ɗaya."

"Ni ma ina da wuƙa ranar Litinin."

Ya miƙe. "Baba, kana jin abin da yarinyar nan take yi?"

"Ni na ce ta yi," in ji Baba. "Cire agogon nan, sabon karen mota, zai karce ni."

Muka fita. A matakala ta tara ta tsaya, ta dafa bango. Muna jin muryar Yaya Babba a sama yana kiran sunanta. Shekara shida ba ta taɓa kwana wani wuri ba. Ta ce, "Bai san yadda ake kama kafaɗar ba. Zai yar da shi." Ta juya, ƙafarta ɗaya ta koma matakala ta sama. Ni dai na riƙe jaka, ban tare ta ba, don ba ubana ba ne.

Sai muryar Baba ta fito ta taga, da duk ƙarfin da ya rage masa: "Auta! In kika dawo ban yafe ba. Tafi!"

Ta sauko.

Wayarta tana hannuna. Kafin ƙarfe shida na yamma Yaya Babba ya kira sau goma sha bakwai. Ina fo yake? Me ya sa ya ƙi haɗiye ƙwayar? Ya ce a juya shi, na juya shi, ya ce ba haka ba. Na amsa waɗanda shafukan ba su amsa ba, sauran na ce ya duba layi na kaza. Ya kira matarsa ta zo ta taimaka, Baba ya ce surukarsa ba za ta ga tsiraicinsa ba, ta tsaya a kicin. Ranar Lahadi ya kira sau shida kawai, muryarsa ta dushe. A na ƙarshe ya ce, "Wai haka take yi kullum?" Na ce arba'in da uku a yini. Sai ya tambaye ni ƙarfe nawa ake buɗe taga a ofishin lafiya.

Litinin ƙarfe takwas ya bar matarsa a bakin ƙofar Baba, ya je ofishin. Ya nuna katin ya wuce mutum hamsin da ke layi, ya karɓi fom ya sa hannu. Na karɓa na ruga asibiti. Auta ta sa nata hannun da allurar ruwa a bayan tafinta, saura minti ashirin a tura ta ɗakin tiyata. Nas ta iso gidan ranar Laraba. Kwana huɗu Yaya Babba ya yi, ya fito yana tafiya a karkace kamar an sassaƙa shi.

An yi aikin lafiya. Amma likita ya ce wata huɗun nan sun faɗaɗa ramin har ninki biyu, sai da aka sa raga aka ɗinke, kuma daga yanzu duk abin da ya wuce kilo biyar ba nata ba ne, har abada. Da an yi a ranar farko, ya ce, da wata uku ta warke ta koma yadda take. Sa hannu ɗaya, daƙiƙa biyar, shi ya ci mata wannan.

Yanzu Auta tana ba da magani, tana ba da abinci, tana amsa kiran banza, tana taka kekenta a lungu. Ɗagawa kuwa Yaya Babba yana zuwa kwana uku a sati, da safe kafin ofis da yamma bayan an tashi, ya ma iya sa gwiwa. Sauran kwana huɗun ana ta ja-in-ja a waya da 'yar'uwarsu ta ƙasar waje, maƙwabta suna cike gurbi. Kwamitin bai zauna ba tukuna. A gidajena, ashirin da takwas suna nan yadda suke.

Don haka ga roƙona, kuma ba zai ci maka minti goma ba. Idan akwai tsoho ko tsohuwa a kwance a danginku, ka je da kanka, ban da waya. Ka ce a nuna maka katin asibitin, ka karanta sunan da ke kan layin mai alhaki. Sannan ka matsa kusa da gadon ka tambayi mai kwanciyar wa ya yi masa wanka yau da safe. Idan sunayen biyu ba su zo ɗaya ba, ka ɗauki biro ka kama hannun mai sunan farko ku tafi taga a satin nan, ko da kuwa hannun naka ne. Don Allah ka gwada.